Kafin Ruwa Ya Iso Argungu

 

Ruwan da ke tumbatsa a gulbin Matan Fada cikin watan Satumba, kaɗan ne daga cikinsa ya sauka a ƙasar Argungu. Matafiyi ne, wani reshensa ma har ƙasar waje yake fita ya dawo. Gulbin Gada yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya cika madatsar Jibiya, ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake shigowa Najeriya ta ƙasar Gobir ya faɗa Rima. Daga nan sai Goronyo, sai Wurno, sai Sakkwato, inda yake gamuwa da gulbin da ya biyo ta Gusau da Bakolori. Su gangaro tare ta Silame da Augie da Argungu da Birnin Kebbi, Gulbin Zamfara ya tarye su a wajejen Bunza, duka su nufi Kwara.

Shi kuwa Kwara, wato Kogin Neja, tafiyarsa ta fi kilomita dubu huɗu. Daga tsaunukan Gini yake fitowa, ya ratsa Bamako da Gao da Yamai da Gaya, ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi. Sau biyu yake cika a shekara. Ruwan Gini yakan daɗe yana yawo a cikin manyan fadamun tsakiyar Mali, sai wajen Disamba da Janairu yake isowa, a natse, ya riga ya zubar da lakarsa. Ɗayan cikar kuwa ta Agusta da Satumba ce. Ruwan sama ne da ya sauka a Burkina Faso da yammacin Nijar, rafukan Sirba da Dargol da Goruwal suka kwaso shi jajawur da laka, da gudu. Wannan shi ne mai ɓarna, domin yana isowa daidai lokacin da Rima ma ya cika. In Kwara ya batse, Rima ba ya samun wurin juye kayansa da sauri, sai ruwan ya tsaya ya bazu a gonaki.

Kebbi ke nan, zaune take a ƙarƙashin indararon babban gida: rufin na mutane da yawa ne, amma a tsakar gidanta ruwan yake zuba. Saboda haka maganar haɗin kan ƙasashe wajen tunkarar bala'o'i, wadda wasu ke ɗauka hirar manyan otal-otal ce a Janeba da Niyok, a nan maganar buhun shinkafa ce.

Sai dai kada a yi wa ambaliya ƙazafi. Ita ta yi fadama. Tun zamanin Kanta, da Surame take babban birnin Kabi a ƙarni na 16, arzikin ƙasar nan yana rataye ne da malalar gulbi: ya fita ya shimfiɗa laka, ya cika tafkuna da kifi, ya janye ya bar damshi. Shinkafar gargajiya mai dogon kara, wadda ke miƙewa tana bin ruwa yayin da yake hawa, an noma ta a nan ɗaruruwan shekaru. Bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba zai yiwu ba in gulbi bai fita ya dawo ba. Bayan an gama madatsar Bakolori a 1978, wani mai bincike ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da ita, ya tarar raguwar malalar ruwa ta rage noman shinkafa da kamun kifi. Ashe rashin ambaliya ma asara ce. Abin da manomi da masunci suke nema shi ne su san yaushe ruwan zai zo da kuma iya inda zai kai.

Shekarar 2010 ta nuna abin da rashin wannan sani yake jawowa. An gama madatsar Goronyo a 1984, tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan ɗaya. A ƙarshen Agustan 2010 ta cika maƙil, aka buɗe ƙofofinta a farkon Satumba don kada ta fashe, bayan kimanin mako guda mazubar rararta ta karye. Ruwa ya shafe ƙauyuka, ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gangaro Kebbi ya kwanta a gonaki. Ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran masu agaji sun zo, sun kuma yi aiki. Amma agajin da ya zo bayan ruwa ya ci gida, tabarma ce da bargo da maganin amai da gudawa. Ba ya mayar da rumbu.

Shekara goma bayan haka aka yi wadda ta fi ta zafi a nan. Tun Nuwamban 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, jihar ta zama abin nuni a harkar shinkafa. An buɗe babbar masana'antar casa ta WACOT a Argungu a 2017, ga ta Labana a Birnin Kebbi, ga shinkafar haɗin gwiwa da Legas. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, babban dalili kuwa hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Mutane suka ci bashi suka faɗaɗa gona, har cikin kwarin da iyayensu suke kaucewa. Sai ga daminar 2020. Ma'aunin ruwa na Yamai, wanda ake karantawa tun 1929, ya kai mita bakwai a farkon Satumba, tsayin da bai taɓa kaiwa ba. A lokacin iyaka a rufe take ga buhun shinkafa, amma ruwan ya wuce ta Gaya ba wanda ya tambaye shi takarda. Jami'an jiha da shugabannin manoma sun ƙiyasta cewa kimanin hekta dubu 450 ta shinkafa ta nutse.

Abin lura a nan shi ne, labari ya riga ruwan isowa. A ƙarshen Agusta, hukumar kula da ruwan koguna ta Najeriya, NIHSA, ta sanar cewa kogi ya shiga matakin haɗari a Yamai, kuma wannan ruwan zai shigo ta Kebbi a makon farko na Satumba. Daga ina ta sani? Daga maƙwabta. Wani ma'aikaci a gaɓar kogi a Nijar ya karanta lamba a jikin ma'auni, lambar ta tafi ofishin Hukumar Kogin Neja a Yamai, daga can ta zo Abuja. Wannan hukuma an kafa ta tun 1964, aka sake mata fasali a garin Farana na Gini a 1980, kuma ƙasashe tara ke cikinta: Gini, Mali, Nijar, Benin, Najeriya, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Kamaru da Cadi. A 2008 suka amince da kundin ruwa wanda ya wajabta wa kowace ƙasa sanar da 'yan'uwanta in wani haɗari ya taso, ko in za ta yi wani babban aiki a kan kogin.

A ganin mai wannan lacca, a cikin duk abin da ake kira taimakon ƙasa da ƙasa, babu mai araha da amfani ga Kebbi kamar wannan lamba.

Yamai ma dai cike take da irin waɗannan ofisoshi. Can cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, kuma duk shekara kafin damina tana tara masana yanayi na yankin su fitar da hasashen ruwan sama da na cikar koguna. Can cibiyar yanayi ta Afirka, ACMAD, take. Can kuma ofishin hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar yake, wadda aka kafa a 1971. A ƙarƙashinta ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan gulaben da suka yi tarayya a kai, har da Gada, wato Gulbin Maraɗi. Takardu dai akwai su. Sai dai hankalin hukumomi ya fi karkata ga Kwara da madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda sunanta ke fitowa duk lokacin da aka tuna ambaliyar 2012 da ta kashe mutum 363, ko ta 2022 da ta kashe fiye da 600. Ƙananan gulaben arewa, waɗanda ke bushewa ƙaƙas da rani su haukace da damina, ba su cika samun mai kula ba, alhali su ne ke cika Goronyo. A 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, Maraɗi kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Duk wanda ke riƙe da makullin Goronyo ya kamata ya ji labarin ruwan Maraɗi a daren da ya sauka.

A nan siyasa take shigowa. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da ke tafiya Yamai ta layin da ya bi ta nan Birnin Kebbi. Tsakiyar damina ake. Masu ba da tallafi na Turai suka dakatar da kuɗinsu. An janye takunkumin a farkon 2024, amma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙasashen nan uku duk suna sama da Kebbi a hanyar ruwan Kwara.

Mutanen iyaka sun san kuɗin irin wannan rikici tun ba yau ba. A 1984, ana tsakiyar fari, gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya daina tsallakawa, har yau a wasu sassan Nijar ana kiran yunwar shekarar da sunan El Buhari. Mutumin Kamba da na Gaya, ko na Kangiwa da na Dogon Dutsi, dangi ne, kasuwarsu ɗaya, aurensu ɗaya, farinsu da ambaliyarsu ma ɗaya.

Abin farin ciki, Hukumar Kogin Neja ba reshen ECOWAS ba ce, kuma a Agustan 2024 an sake jin NIHSA tana gargaɗi bisa rahoton da ya zo daga Yamai. Wannan igiya ce da bai kamata a bari ta tsinke ba, ko wane ne ke mulki a ko'ina. Indiya da Pakistan, waɗanda suka sha gwabza yaƙi, sun riƙe yarjejeniyar ruwan Kogin Indus ta 1960 tsawon shekaru fiye da sittin. Ko bayan Indiya ta jingine ta a 2025, sai da ta aika wa Pakistan gargaɗin ambaliya ta ofishin jakadanci a watan Agustan shekarar. In waɗannan za su iya, Abuja da Yamai ba su da uzuri.

To amma ga tambayar da duk manomin da ke zauren nan zai yi: in labari ya zo a 2020, me ya sa aka yi asarar? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta kashi biyu ce.

Na farko, sanarwar ta tsaya ne a taron manema labarai, cikin Turanci, da lissafin mita. Mutumin da ke Dakingari ko Zauro ba ya noma da mitar Yamai. Abin da zai yi masa amfani shi ne a ce: ruwa zai wuce inda ya tsaya shekara kaza, zai kai gindin tsamiyar nan nan da kwana goma. Fassara lambar Yamai zuwa irin wannan magana aiki ne na masana, su zauna da Sarkin Ruwa da masunta da dattawan da suka san alamar kowace shekara a jikin ganuwa da itace. Daga nan sai rediyo, sai limamin Juma'a, sai hakimi da mai unguwa da sankira, sai wayar hannu. Ƙasar Bangaladash ta bi wannan hanya. Guguwar 1970 ta kashe mutum aƙalla dubu 300 a can. Suka kafa rundunar 'yan sa-kai na ƙauye tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, masu yawo da lasifika da tuta, suka gina matsugunai a kan tudu. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, sun kwashe mutum fiye da miliyan biyu kafin ta sauka, waɗanda suka rasu ba su kai talatin ba. Hoton tauraron ɗan'adam daga ƙasashen waje yake zuwa musu, amma mai buga ƙofa da dare ɗan unguwa ne. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi shela a 2022 cewa nan da 2027 kowane ɗan'adam ya kasance gargaɗi yana isa gare shi. Za a auna wannan alkawari ne a ƙauyukan bakin gulbi.

Na biyu, gaskiya ce mai ɗaci: gargaɗin mako biyu ba ya ceton shinkafar da ke tsaye a farkon Satumba. Ba ta nuna ba, ba a sa mata lauje. Abin da yake ceta shi ne rai, da dabbobi, da hatsin rumbu, da injin ban-ruwa, da taki, da irin da za a yi noman rani da shi. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya tsira da injinsa da irinsa yana iya komawa fadama a Disamba ya rage asara. Ita kuwa shinkafar, cetonta yana farawa ne tun kafin shuka. Akwai iri biyu, FARO 66 da FARO 67, da aka fitar a Najeriya a 2017, masu jure nutsewa har kusan mako biyu. Asalin wannan juriya daga wata tsohuwar shinkafar manoman Indiya ce, masana a cibiyar binciken shinkafa ta Filifin suka yi aiki a kanta, cibiyar AfricaRice da ta Badeggi suka sa ta cikin irin da ya dace da ƙasar nan. Ƙasashe da yawa ke nan a cikin ƙwayar iri ɗaya. In hasashen watan Afrilu ya nuna damina mai nauyi, irin wannan iri ya kamata ya isa hannun masu gonakin kwari, a kuma faɗa musu ƙarara inda bai kamata a zuba kuɗin bashi ba a wannan shekara.

Sai kuɗi. Talaka yakan ji gargaɗi ya zauna, ba don taurin kai ba. Hayar kwalekwale kuɗi ce, kwashe buhuna zuwa tudu kuɗi ne, ga tsoron ɓarawo in an bar gida. Shi ya sa masu agaji suka fara sauya tsari, suna biya kafin ruwa ya zo. A Yulin 2020 asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2 a Bangaladash da zarar hasashe ya nuna Kogin Jamuna zai haura, kuɗin ya shiga wayoyin mutane tun ruwa bai kai ƙololuwa ba. An gwada irin haka a Adamawa a 2022. Tarayyar Afirka kuma tana da asusun inshora na ƙasashe tun 2012, wanda ya biya Nijar da Senegal da Muritaniya a farkon 2015 bayan farin da aka yi. Akwai kuma asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a taron Masar na 2022, ko da yake abin da aka zuba a ciki bai taka kara ya karya ba in aka gwada da girman ɓarnar. Duk waɗannan ƙofofi suna buɗuwa ne ga mai rubutaccen bayani: gona nawa, ta wa, a ina, ruwa ya kai ina. Jihar da ba ta da wannan rajista, ko an kira ta rabo ba ta da abin nunawa.

Akwai wani taimakon da Kebbi ke samu daga maƙwabta wanda ba ya cikin kowace yarjejeniya. Masana sun lura cewa a Sahel, ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke kwarara cikin rafuka ƙaruwa ya yi, saboda an sare itace, ƙasa ta daskare ta zama faƙo, ba ta shan ruwa. Tun farkon shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka koma barin tohon kututture a gona yana girma, gawo da kalgo da sabara, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan biyar ta farfaɗo a kudancin Nijar ta haka. Sun yi ne don gero da itacen girki, amma ƙasar da ta sha ruwa ba ta turo shi gaba ɗaya a dare guda, ba ta kuma turo yashin da ke cike madatsu. A 2018 ruwan Goronyo ya ja baya ƙwarai har aka shiga fargabar ruwan sha a Sakkwato da Birnin Kebbi, kuma cikewar madatsar da laka tana cikin dalilan da aka ambata. Tsuntsayen jan-baki ma, da ke sauka a shinkafar Argungu da Augie har sai an kira jirgin feshi, ba su san iyaka ba. Feshi a gefe ɗaya, sheƙa a ɗaya gefen, aikin baban giwa ne.

Saura magana ɗaya, ita ce ta Kandaji. Kimanin kilomita 180 sama da Yamai, Nijar tana gina babbar madatsa a kan Kwara, mai riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan ɗaya da rabi, don lantarki da noman rani. Kamfanin ƙasar Sin da ke aikin ya dakata bayan juyin mulkin 2023, amma ƙasar da aka taɓa yanke wa wuta tsakiyar damina ba za ta haƙura da wannan aiki ba, kuma ba a ga laifinta ba. Ranar da aka gama ta, ruwan da zai isa Lolo da Bagudo da Yawuri da rani, da wanda za a saki in ta cika da damina, zai dogara ne da shawarar wasu injiniyoyi da ke wata ƙasa. Mutanen Adamawa da Benuwai sun ga yadda zama ƙasa da Lagdo yake in ba a tsara tun farko ba. Kundin ruwa na 2008 ya ba Najeriya damar zama a teburin da za a rubuta ƙa'idar buɗe ƙofofin Kandaji: kwana nawa za a ba da sanarwa, wa za a kira, ruwa nawa za a bari yana gudana a watan Afrilu. Wannan ita ce tambayar da ta kamata 'yan majalisar Kebbi da masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri su riƙa yi wa ma'aikatar ruwa ta tarayya tun yanzu, tun siminti bai bushe ba.